Abin da Ke Cikin Tayarmu ta Hagu

Tun ranar da na dawo makaranta cikin zanen gida, babu rigar makaranta, kuke tsare ni da tambaya. Hassi ta tare ni a bakin rijiya, Lanti ta yi ta zungurina muna cikin sahun safe. Kun san halina, in aka zuba mini ido bakina ɗaurewa yake. Shi ya sa na ce bari in rubuta ku karanta da kanku. Za ni faɗa muku yadda tsallaken iyaka yake, da kuma inda rigata ta shige.

Damina ta biyu ke nan da ruwa ya ƙi. Wani mai tallan kanwa ya kawo wa Inna saƙo cewa rijiyar garin su Kaka, mahaifiyarta, ta ƙafe. Garin yana can bayan Burkusuma, a cikin Nijar. Ya ce mutane sun fara watsewa, Kaka kuma ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya takawa. Inna tana da tsohon ciki, ba halin tafiya. Ta zauna a bakin murhu, ta ce wa Baba, "Malam, a kawo mini uwata da ranta."

Dalilin da ya sa aka tafi da ni kuwa shi ne kunya. Baba surukin Kaka ne. Tun da ya auri Inna bai taɓa haɗa ido da ita ba, gaisuwa ma daga nesa yake yi a durƙushe, ita kuma ta juya fuska ta amsa wa bango. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba. To mutum biyu irin waɗannan a amalanke ɗaya, dole sai da mai kai magana. Aka duba gidan duka aka zaɓe ni, ni da ko gishiri aka aike ni saye sai na yi ta maimaita maganar a zuci. Na ninke rigar makarantata na sa cikin ƙunshi, don Kaka ba ta taɓa ganina a cikinta ba.

Muka tashi daga ƙauyenmu na gefen Turba da amalanken Baba da jakinmu Duna. A Isa muka fara tsayawa, wajen wani mai faci da ake kira Ɗan Jumma, mutum mai surutu da baƙin farce. Ya ce wa Baba hanyar arewa bana ba ta biyuwa.

"Ciyawa ta ƙare, Malam Garba. Makiyaya sun hau itace suna sassaro ma awaki reshe. Akuya ta ci ganye ta bar maka ƙaya bisa hanya. In ba faci kaka so ka yi ta yi har gemunka shi yi hurhura ba, bari in ba tayar ga magani."

Ya jiƙa ƙaro ya dama har ya yi yauƙi, ya yayyaga audugar rimi a ciki. Sai ya miƙo hannu ya ce a ba shi garin kwaki daga guzurinmu. Na zaci yunwa yake ji. Ina kallo ya zuba cikin hannu biyu na gari a cikin ƙaron, ya cire bawul, ya ɗura wa tub ɗin ta mazurari kamar yadda ake yi wa jariri ɗure. Na ƙame. A gidanmu a lokacin, garin da ya zube ƙasa da yatsa ake tsince shi.

Ya buga iska da famfo, ya ɗauko ƙayar aduwa ya caka wa tayar da gangan, ya zare. Wani farin ɗigo ya leƙo, ya tsaya, ya daskare. Iska ba ta fita ba. Baba ya yi ta kabbara. Ni dai garin nake tunani.

Gaskiya maganin ya yi aiki. Daga Isa zuwa Sabon Birni, duk inda muka tsaya Duna ya huta, sai in zagaya ina zare ƙayoyi, kowane gurbi da ɗan farin tabonsa. Gulbi ya zama yashi zalla. Mata sun haƙa ramuka a tsakiyarsa, suna zaune a baki da ludayi suna jiran ruwa ya tsattsafo.

A Sabon Birni muka sauka gidan abokin Baba. Matar gidan, Gwaggo Delu, ta ba ni fura ba nono, ta yi ta ba ni haƙuri har na rasa inda za ni sa kaina. Da safe hayaniya ta fito da mu waje. Awakin unguwar duka sun kewaye amalanken suna lasar tayoyi, wata ma har ta durƙusa tana gatsar bawul. Zafi ya sa garin ya yi tsami a ciki, suka jiyo wari. Gwaggo Delu ta riƙe baki.

"Wai mi kunka sa ma tayar ga, Garba? Ni da ɗiyana muna nan muna lissafin loma, kai kana dama ma taya kunu?"

Baba ya yi dariyar yaƙe, ya kori awakin. Wasu uku suka bi mu har bayan gari.

Daga nan zuwa Burkusuma ne na ga abin da Ɗan Jumma ya faɗa. Itatuwa duk an yi musu aski. Wani Bafillace yana can saman bagaruwa da gatari, dabbobinsa a ƙasa sun ɗaga kai suna jira. Reshe na faɗowa sai su rufe shi. Matarsa tana zaune a gefe da ƙwarya a kife. Baba ya tambaye ta nono, ta juyo mana cikin ƙwaryar, ta ce, "Kosam wala," wato babu nono. Ban taɓa ganin ƙwaryar Bafillata da ƙura a ciki ba sai ran nan. Ta ba ni 'ya'yan aduwa in tsotsa, ta ƙi karɓar komai.

Ku da kuke tambayar yadda iyaka take, kada ku sa rai. Ni ma na zaci katanga za ni gani, ko wani dogon layi kamar na taswirar ajinmu. Ganga ce guda da igiya a gindin tsamiya, sai jandarma, ɗan sandan Nijar, yana zaune a kan benci yana fifita da hularsa. Hausarsa irin tamu ce sak, sai dai da ya ji ina karatu ya ce, "A'a, 'yar lakwal ce!" Haka suke kiran makaranta. Ya zagaya amalanken, ya tsaya a kan fararen tabban nan. Fuskarsa ta canja. Ashe akwai masu ɓoye kaya a cikin taya. Ya danna bawul, farin abu ya fito masa a yatsa. Ya sansana, ya ɗanɗana da harshe. Ya juyo wajen Baba.

"Gari ne."

"Magani ne na ƙaya, ranka shi daɗe."

"Gari ne, Malam, ni na san gari. To lalle ku can kun ƙoshi, tunda har taya kuke ba abinci." Ya sauke mana igiya. Muna wucewa na waiga, na ga ya ƙara kai yatsan baki.

Garin su Kaka rabin gidajensa an toshe ƙofofinsu da ƙaya, masu su sun tafi. A hanyar shiga na ga mata suna tonon gidan tururuwa, suna sheƙe ƙasar don su sami hatsin da tururuwa ta ɓoye. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne ƙafafu. Ba wanda ke da takalmi. Yara, mata, har liman, kowa yana taka yashin nan mai zafi da tsagaggun dugadugai. Mu in mutum ya rasa komai, ai yana da ko silifas mai ɗaurin waya.

Kaka tana kwance a ɗaki, ta rame sai idanu, ƙafafunta kuwa kamar an hura. Bakinta dai yana nan.

"Wa niz gani? Bebiya ce anka aiko mini? Duk gidan ba a samu mai baki ba?"

Baba ya durƙusa a waje, bayan zana, ya yi gaisuwa. Ta juya wa bango ta amsa. Daga nan aikina ya fara. "Ce ma kakarki gobe za mu kama hanya." "Ce ma ubanki ni ba kaya ba ce da za a ɗauka gobe." Na yi ta zirga-zirga tsakanin ɗaki da zana, alhali kowannensu yana jin kowa.

Maƙwabciyarta Ta-Alhamis ce ta ciyar da mu. Ta kawo anza, wasu 'ya'yan itace da ake jiƙawa ana zubar da ruwan har ɗacinsu ya ragu. Bai ragu ba. Na haɗiye don kunya, hawaye na zubo mini. Da na fito daga ɗaki na tarar da ita riƙe da silifas ɗina tana lanƙwasa su tana dubawa.

"Wagga roba mai kyau ce," in ji ta. "In sun tsinke kada ki yar, kin ji, ɗiyata?"

Ita ta ja ni ta nuna mini inda takalman garin suka tafi. Amalanke ɗaya ya rage musu, shi ke zuwa wata rijiya mai nisa ya ɗebo wa kowa ruwa. Ƙaya ta cinye tub ɗinsa har ba wurin faci. Sai suka zare tub ɗin suka yar, suka yayyanka takalman roba da tsumma suka cusa a cikin tayar har ta yi tauri. Duk gidan da ke shan ruwan ya ba da takalmi. Na danna tayar da yatsa, kamar dutse. Ƙayoyi sun cika ta kamar bayan bushiya, ba wanda ya damu ya zare.

Baba ya duba ya girgiza kai. Ya ce wannan ai kashe jaki ne, ga nauyi, ga jijjiga, mara lafiya ba ta kai ko'ina a kai. Ya nuna musu tamu, ya caka ƙaya ya zare. Mutane suka taru suna mamaki. Bai faɗa musu abin da ke ciki ba, ni ma ban faɗa ba.

Kayan Kaka ba yawa. Tabarma, matashin rimi, muciya, da kwalla ɗaya mai zannuwanta. A ƙasan kwallar akwai wani ƙunshi mai ƙamshin turare da ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Ta sa na matso, ta buɗe mini gefe. Farin yadi ne sabo fil.

"Likkafanina. Shekarar da kakanki ya rasu na sai da tunkiya na saye shi, don kada in ɗora ma kowa nauyi. Inda duk ni tahi, tare mu kai."

Na ja da baya. Ban taɓa ganin likkafani ba, balle a hannun mai shi.

Muka kwantar da ita a kan buhuna, muka yi mata rumfa da tabarma, muka juyo. Ta-Alhamis ta cika mana jarka daga rabon gidanta. Mun wuce gangar iyaka lafiya. Amma zafi ya fara cin Kaka, leɓɓanta suka tsattsage, tsiyar da take mini ma ta ragu. Baba ya ce in gaya mata za mu yanke ta daji don mu isa Burkusuma da wuri.

Rana tana tsaka muka ji ƙara kamar an fasa tulu. Amalanken ya karkace hagu, Kaka ta gangaro kaina. Kututturen bagaruwa ne da aka sare aka bar masa baki kamar mashi, yashi ya rufe shi. Farin kunun nan ya yi ta bulbulowa ƙasa, yana wari.

Baba ya tokare amalanken da itace, ya ɓare tayar da ƙarafunansa, ya zaro tub. Ya yage kamar tsawon yatsana. Ya goge, ya kankare, ya shafa sholisho, gam ɗin faci, ya manna faci. Facin ya zame. Yauƙin ƙaro ya bi ko'ina, ba abin da ke kama shi. Ya goga da yashi, ya zame. Ya ɗebi ruwan jarka ya wanke, ina kallon ruwan yana shiga ƙasa, Kaka ma tana kallo. Wannan karon ya kama, ya buga famfo, sai muka ji fiii. Maganin da ya kawo mu shi ya hana mu komawa.

Muka gwada jan amalanken haka nan, ƙarfen ya nutse a yashi, Duna ya durƙusa. Muka gwada ɗora Kaka a kan jaki, ta sulalo, ba ta iya zama. Ba gari, ba ruga, ba inuwar kirki, ruwan da ya rage kuma in ka girgiza jarkar da ƙyar yake amsawa. Baba ya tsuguna ya dafe kai.

Daga ƙarƙashin tabarma Kaka ta ce, "Bebiya. Ce ma ubanki shi tuɓe takalminai."

Baba bai yi musu ba. Ya tuɓe nasa, na tuɓe nawa, ya yayyanka su da wuƙa. Ya maida gefe ɗaya na tayar kan ƙarfenta, ya bar ɗayan a buɗe. Hannunsa ba ya shiga can ciki, nawa ke shiga. Ina cusawa, yana dannawa da muciyar Kaka. Takalman suka shige kamar ba a sa komai ba. Muka sa mataccen tub ɗin. Muka farke matashi muka sa rimin. Muka sa buhu, muka sa hular Baba da rigarsa ta sama. Taya ƙarama a ido, amma cikinta ba ya cika.

"Buɗe kwalla," in ji Kaka.

Zannuwanta na fiddo ɗaya bayan ɗaya. Kowanne sai ta bi shi da ido. "Wanga na sunan uwarki ne. Cusa." Da suka ƙare na kwance ƙunshina da kaina. Rigar makaranta, da gugarta da komai. Na ɗaga ta don ta gani ko sau ɗaya.

"Ashe haka take," ta ce. "Ba ta da kyau ma. Cusa."

Na cusa ina kuka. Baba ya zagaya tayar yana dannawa da babban yatsa. Ko'ina ta yi tauri, sai wuri ɗaya, kamar faɗin tafin hannu biyu, da ke lotsawa. Ya ce in gaya mata in aka bar shi haka, ƙarfen zai yanke tayar a daidai nan, komai ya zubo. Ya kalli wandonsa, ya kalli zanen jikina. Ba sauran abin cirewa.

"Bebiya, miƙo ƙunshin ƙasan kwalla."

Na tsaya cak. Baba ya gane abin da ake nufi, ya miƙe.

"Ce ma kakarki a'a. Ce mata wanga ba shi yiwuwa."

"Ce mishi yadi ne. Sai an naɗe mutum ciki shi ka zama likkafani."

"Ce mata in sa shi ƙarƙashin taya shina birgima cikin kashin jaki? Da wane ido za ni dubi ɗiyarta?"

Na juya in kai saƙon. Sai na ga Kaka ta ture tabarmar, ta dafa gefen amalanken, ta ɗago. Ta dubi Baba a tsakiyar ido.

"Garba!"

Wallahi har Duna sai da ya ɗaga kunne. Ni ban ma san ta san sunan ba.

"Garba, dube ni. Yadin ga yau sai ya yi aiki, ko can cikin taya ko nan jikina. In nan ne, da mi za ka wanke ni? Da mi za ka gina kabari, da muciya? Ɗiyata ta ce ka kai ni da raina. Zaɓi."

Baba ya durƙusa a kan yashin nan mai zafi, ba takalmi, ba hula. Ya miƙa hannu biyu, ta ɗora masa. Shi ya yi bismilla ya yaga, ni na cusa. Yadin yana da sanyi a hannu, ƙamshin turarensa ya danne warin garin. Da ƙyar gefen tayar ya koma, sai da Baba ya hau ƙarfen da ƙafa. Ya danna wurin. Bai lotsa ba.

Duk abin da Baba ya faɗa a kan irin wannan taya gaskiya ne. Tana da nauyi, tana jijjiga, a kowane juyi sai ta yi dum a wuri ɗaya. Baba ya sauka yana turawa ta baya don ya rage wa Duna, ƙaya tana shiga ƙafarsa, ba ya tsayawa. Kaka tana ta nishi, ni ina jiƙa mata leɓe da bakin ɗankwalina. Kowane dum sai ta ce, "Ga likkafanina nan, shina gaishe ni." Da la'asar sakaliya muka hango rumbunan Burkusuma. Matar farko da ta gan mu, mutum uku ba takalmi, namiji ba hula, ba ta tambaye mu komai ba, ta ruga ta kawo ruwa.

Sauran hanyar a hankali muka yi ta. Da muka iso gida Inna ta rungume uwarta, suka yi ta kuka. Da aka gaya mata abin da ke cikin tayar, sai ta zauna a ƙasa. Kaka kuwa tun da ta shiga ɗaki ta koma juya wa bango fuska, Baba ya koma bayan zana, kamar ba a taɓa kiran sunan kowa ba. Kumburin ya fara saɓewa, yanzu tana takawa zuwa ƙofar gida da sanda.

To kun ji inda rigata take. Amalanken da kuke gani kullum da safe yana zuwa gulbi ɗibar ruwa, ku dubi tayarsa ta hagu, wadda ƙayoyi suka cika ba a zarewa. Baba ya so ya sayi sabon tub ya fiddo kayan, Kaka ta hana.

Ran kasuwar Isa da ta wuce ya dawo da ƙunshi, ya kira ni bayan zana. Farin yadi ne sabo. Ya ce, "Kai ma kakarki. Ce mata ga madadin nata."

Na kai. Tana zaune a ƙofar gida, amalanken yana wucewa da jarkoki, yana dum, dum. Ta taɓa yadin da yatsa biyu, ta turo mini shi.

"Ce ma ubanki shi kai ma tela a ɗinka miki rigar lakwal. Nawa bai gama aiki ba tukuna."